Baki Ɗaya, Yatsa Biyu: Hausar Waya Tsakanin Garu da Ƙonni

Wata ranar Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci, na fake wa rana a rumfar wani dillalin albasa mutumin Garu. Wayarsa layi biyu gare ta, ɗaya mai farawa da +234, ɗaya da +227, kamar ta yawancin masu cin abinci a bakin iyaka. Ana cikin hira sai ga saƙo daga Birnin Ƙonni: "Ina kouana Elhadji, tchiniki ya yi kyaou?" Ya juya wayar, ya miƙa wa ɗansa da ya gama sakandare. Yaron ma sai da ya yi ta in-ina kafin ya gano gaisuwa ce da tambayar ciniki. Can sai mutumin na Ƙonni ya turo saƙon murya, nan take fuskar Alhaji ta washe. Hausa ɗaya suka tsotsa, da ƙafa ma ana iya zuwa daga wannan gari zuwa wancan, amma da magana ta bi ta yatsa sai ga iyaka ta tsaya a tsakaninsu.

Tushen abin ya girmi waya. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, kowa ya kawo bokonsa. Ɗan lakwal na Ƙonni ya koyi haruffa da ƙa'idar Faransanci, inda u ke zama ou, c ta zama tch, j ta zama dj. Shi ya sa ake ganin Dogondoutchi da Tahoua a allunan hanya. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, kuma a takarda an dace ƙwarai, bambancin da ya rage bai taka kara ya karya ba, irin su ƴ a Nijar da 'y a Nijeriya. Sai dai daidaiton a littafi ya kwana. Talaka bai ji a jikinsa ba, domin a da ba da boko yake aika wa ɗan'uwansa na ƙetare ba. Ko ya sa malami ya rubuta masa ajami, ko ya tura yaro da baki. Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, sannan Facebook da WhatsApp, shi ya tilasta wa ɓangarorin biyu karanta hannun juna kullum.

Mu ma na wannan ɓangare ba mu da bakin yi musu dariya. Ƙugiya ta faɗi daga rubutun waya, ƙasa da kasa sun zama ɗaya, "ya bata" kuwa sai ka duba abin da ya gabata kafin ka san ɓacewa ya yi ko kyauta ya yi wa wata. Ga haɗe kalmomi, "yace", "inaso", ga taƙaitawa irin su slm da lfy da ngd, ga samarin da suka ɗora x a gurbin z don gayu. Wannan duk mai sauƙi ne a ganina, mai harshe yana cike giɓin da kansa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yatsa ke jan mutum zuwa Kananci. Saurayin da a gida zai ce "munka tahi kassuwa", a zauren WhatsApp "muka tafi kasuwa" zai rubuta, ya ajiye biyat ya ɗauki biyar, ya ajiye shina ya ɗauki yana. Ba malami ya hana shi ba. Hausar da yake gani a rubuce, a shafukan gidajen rediyo da tallan finafinai, daidaitacciya ce, ita Google Translate ta ɗauka a 2013, ita Facebook ya sa a 2016, kuma ya san akwai Bakano a zauren da ke jiran ya yi tuntuɓe a tsokane shi.

Saƙon murya, wanda WhatsApp ya fito da shi a 2013, ya juya akalar. A nan babu mai kunyar harshensa. Ka saurari na Alhaji: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafi, sai an ci kusan rabin minti kafin a zo ga "kayan da munka yi magana sun iso, ka turo yaro shi ɗauka." Gaisuwar da rubutu ya datse ta koma haruffa uku ta dawo da tsawonta. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta shiga zauren dangi tana sa albarka, tana raba faɗa. Lokacin da aka rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris na 2024, ta wannan hanya sanarwar suna da ta'aziyya da farashin buhu suka riƙa ƙetarawa ba tare da tambayar kwastan ko duwan ba. Ban ga wani littafi da ya adana Sakkwatanci da Hausar Ƙonni kamar yadda waɗannan muryoyi ke yi ba, duk da cewa ajiyar tasu ba ta wuce ranar da waya ta cika a goge.

Ta kunne kuma ake koyon baƙin kalmomi. Yaron Garu ya san rezo shi ne abin da yake kira sabis, kiredi shi ne kati, kamyo babbar mota. Takwaransa na Ƙonni ya iya cewa ya ga alat, a yi masa tiransifa. Faransancin kasuwa ne da Ingilishin kasuwa, ba su kai mutum ga cin jarrabawa, amma suna sayar da albasa.

Malaman Hausa na kukan cewa waya ta ɓata rubutun ɗalibai. Ina jin kukansu, sai dai ina ganin tona asiri ta yi. Ba a taɓa samun zamanin da Hausawa masu yawa haka ke rubuta harshensu kowace rana ba, kuma akasarinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ƙa'idarsa. Allon waya ne makarantarsu, ɗalibi na kwaikwayon kuskuren ɗalibi. Damuwata ta fi karkata ga murya. Kunyar kai wasiƙa wani ya karanta maka asirinka tana cikin abin da ya riƙa kai magidanta ajin yaƙi da jahilci. Yau danna maɓalli ya raba su da wannan kunya, ya kuma rage musu dalilin koyo. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025; in matakin ya isa aji, wataƙila ƙannen mai rubuta "tchiniki" su zo su riga namu iya sa ƙugiya.

Akwai dai wuri guda da Alhaji bai yarda da murya ba. Jaka a bakin ɗan Nijeriya naira 200 ce, a bakin ɗan Nijar sefa 1,000, dala kuwa sefa 5. Kalma ɗaya, lissafi biyu, ga canji na hawa da sauka. Da suka gama gaisuwa da taya da albarka a murya, sai ya miƙa wa yaron wayar.

"Rubuta mai da lamba," in ji shi, "ka sa sefa a bayanta."

"To, Baba."

Ya karɓa ya bi sifilin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce a tura.