'Yan Wasan Fim ɗin Shaihu Umar: Tsokaci Kan Rawar Marubuta a Gaban Kyamara

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci Shaihu Umar, sunan da ke fara zuwa bakin manazarta shi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta littafin domin gasar ƙagaggun labarai ta Hukumar Fassara ta Zariya a 1933. Idan kuwa fim ɗin 1976 ake nufi, sai a ambaci Adamu Halilu, wanda ya ba da umarni. Wannan maƙala ta karkata ne ga 'yan wasan, domin nuna cewa ƙarfin fim ɗin da rauninsa duk sun samo tushe daga irin tarbiyyar da suka taso da ita, wato ta rubutu da dandamali.

2.0 'Yan Wasan da Ayyukansu

Daga cikin waɗanda suka fito akwai Umaru Ladan da Mairiga Aliyu da Husaini Mohammed da Umaru Dembo. Biyu daga cikinsu sanannu ne a fagen adabi tun kafin fim ɗin.

Umaru Ladan, wanda ya fito a matsayin Shaihu Umar, shi ne ya haɗa hannu da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin wasan kwaikwayo, kamfanin Longman ya buga a 1975. Ke nan tauraron da ya kwaikwaya, shi ya fara sassaƙa masa harshe a takarda. Umaru Dembo kuwa ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, sannan Wasannin Yara a 1972, inda ya taskace wasannin dandali na yaran Hausawa.

3.0 Tasirin Wannan Tarbiyya

Labarin Shaihu Umar na gwagwarmaya ne: farmakin bayi, satar yaro, ƙetare Sahara zuwa Masar, da uwa wadda ta faɗa bauta wajen neman ɗanta. Amma marubucin ya sa duk wannan a bakin wani dattijon malami da ke zaune a Rauta, kusa da birnin Bauchi, yana ba almajiransa tarihinsa. Fim ɗin ma ya riƙe wannan zubi. Saboda haka aikin babban ɗan wasa ya rataya a kan murya da natsuwa da sanin inda ake dakatawa a zance. A nan ne gogewar marubuci ta yi rana, domin wanda ya san nauyin kalma shi ke iya furta ta da kamalar malamin zaure.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ɗan wasan dandamali ya saba da dogon jawabi, alhali kyamara ta fi son fuska ta yi magana. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa fim ɗin, mai tsawon minti 142, yake tafiyar hawainiya a wasu wurare.

4.0 Kammalawa

An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977 a Legas, daga nan ya ɓace wa jama'a shekaru da dama. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin da ya dawo hannu ya haɗa da muryoyin Hausawa na shekarun 1970, da karin harshensu da gaishe-gaishensu. Ya dace sassan koyar da Hausa su jera littafin da wasan da fim ɗin wuri guda, a kwatanta yadda jimla ke sauyawa daga alƙalamin Ɓalewa zuwa bakin Umaru Ladan. Haka kuma tattara tarihin kowane ɗan wasan aiki ne na gaggawa, tun ana iya samun waɗanda suka yi zamani da su.