Wasan *Macbeth* da Matsayinsa a Manhajar Wasan Kwaikwayon Hausa: Nazari Daga Suleja

Mafi yawan wasannin kwaikwayon da ake karantarwa a darasin Hausa, irin su *Jatau Na Kyallu* da *Uwar Gulma* da *Kulɓa Na Ɓarna*, sun ta'allaƙa ne a kan zaman aure da gyaran hali. Wasan ban tausayi da ke nuna yadda son mulki ke halaka babban mutum bai samu gurbi sosai ba. Wannan maƙala na ganin *Macbeth* na William Shakespeare zai iya cike gurbin, muddin aka kula da yadda za a shigo da shi.

An rubuta wasan wajen 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, aka buga shi a 1623. Tun daga nan kowane zamani ya ɗinka masa rigar da ta dace da shi. Bayan 1660 William Davenant ya ƙara masa waƙe-waƙe da raye-raye, ya sassauta harshensa, aka yi shekaru kusan tamanin ana kallon wannan siga kafin David Garrick ya koma kusa da asali a 1744. A 1849 gasar 'yan wasa biyu a kansa, Ba'amurke da Baturen Ingila, ta haddasa tarzoma a New York, mutum fiye da 20 suka mutu.

Abin da ya fi shafar mu shi ne fitarsa daga hannun Turawa. A 1936 Orson Welles ya shirya shi a Harlem da baƙaƙen fata zalla, ya mayar da labarin Haiti. Akira Kurosawa ya kai shi Japan a fim ɗin 1957. Welcome Msomi ya mayar da shi *uMabatha* cikin harshen Zulu a 1970, Wale Ogunyemi ya yi na Yarbanci mai suna *Aare Akogun*, Indiya kuma ta fitar da *Maqbool* a 2003. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bi kalma da kalma. Kowanne ya nemi fadar da mutanensa suka sani ya zaunar da labarin a cikinta. A Hausa ma akwai sawu, domin Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan raha na Shakespeare da sunan *Daren Sha Biyu* a 1971.

A nan ne Suleja ke da abin bayarwa. Garin, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan Makau ya bar Zazzau a farkon ƙarni na 19, ya adana tsarin sarautar Hausawan Zazzau na dauri, har M. G. Smith ya dogara da shi a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau. A wannan tsari Madawaki ne shugaban mayaƙa, Ɗangaladima kuwa ɗan sarki ne mai jiran gado. Ɗalibin da ya san haka ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane zafin da Macbeth ya ji: ya dawo daga fagen fama da nasara, sai ga Sarki Duncan ya naɗa ɗansa Malcolm magaji. Haka kuma girman laifin. Wanda aka kashe sarki ne, ɗan uwa ne, kuma baƙo ne da ya kwana a gidan mai kisan. Cin amanar baƙo abu ne da Bahaushe ke jin nauyinsa ba tare da malami ya ce uffan ba.

Sai dai a ɗauki tsarin fada kawai, a bar mutanen tarihi. Bai halatta a liƙa wa wani sarki ko gidan sarauta na gaske laifin da ke cikin wasan ba. Shakespeare kansa ya yi wa Macbeth na tarihi wannan rashin adalci: mutumin ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, kuma a yaƙi Duncan ya mutu, ba a kan gadon barci ba.

Matsala mafi wuya ita ce matan nan uku da ke buɗe wasan. Mai fassara zai yi saurin kiran su mayu, amma wannan kuskure ne. Maye a al'adar Hausa kurwa yake kamawa, ba ya faɗa wa mutum abin da zai same shi gobe. Aikin matan ya fi kama da na bokaye ko masu duba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a kansa ma'anar wasan ta rataya: idan mayu ne suka kama Macbeth, to ba shi da laifi. Alhali kuwa ba su umarce shi da kisa ba. Sun faɗa masa zai zama sarki, shi da matarsa suka zaɓi hanyar. Malamin da ya riƙe wannan zai iya buɗe muhawara mai ma'ana kan ƙaddara da zaɓin ɗan Adam, kuma zai samu amsar ba iyayen da ke tsoron ana koyar da tsafi a aji.

Ta fuskar aiwatarwa, *Macbeth* shi ne mafi gajarta cikin wasannin ban tausayin Shakespeare, don haka zango ɗaya ya ishe shi a babbar sakandare. Ya fi kyau a ba ɗalibai fitowa biyu ko uku, misali daren kisan da tafiyar matar Macbeth cikin barci tana wanke hannu, su mayar da su Hausa da kansu, su zaɓi sarautun da kirarin da suka dace, sannan su kare zaɓinsu a gaban aji kafin su hau dandali.