Zuciyar da Aka Ɗinka da Layi 601

Na daɗe da zanen nan a wayata, har yau kuma ban gaji da kallonsa ba. Hamid Naderi Yeganeh, wani ɗan ƙasar Iran, shi ya fitar da shi a 2014, ya sa masa suna Zuciya.

Abin da ya fara kama ni shi ne babu layi ko ɗaya mai lanƙwasa a cikinsa. Layuka 601 ne, kowanne miƙaƙƙe sak, lissafin kusurwoyi ne ke nuna inda zai tashi da inda zai sauka. Na 301 yana tsaye ƙiƙam a tsakiya, sauran 600 kuwa kowanne da abokinsa kamar an sa madubi. Inda suka cunkushe sai gefen zuciyar ya fito da kansa, sumul, ba wanda ya zana shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula a nan Toranke ya san wannan sirrin: allura ba ta san lanƙwasa ba, ɗan tsalle take yi a miƙe, sai an jera ɗaruruwa ido ya ga da'ira.

Na jarraba ɗan'uwansa da hannuna. Na kafa ƙusa 60 a zagaye kan allo, na ja zare daga ta ɗaya zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta huɗu, kowace lamba zuwa ninkinta, in ta haura 60 in ci gaba da zagayawa. Kafin zaren ya ƙare sai ga siffar da masanin lissafi Castillon ya raɗa wa sunan zuciya tun 1741. Ita gindinta a dunƙule yake kamar tumatir, ba tsini.

Inda nake da ɗan ƙorafi shi ne yadda aka samo zanen. Yeganeh kan sa kwamfuta ta zubo dubban siffofi, ya zauna ya tsinci mai kyau. Ido ne ya yi aikin, na yarda, amma magini mai zana dagi a bangon Zariya ya san abin da yake nufi tun kafin ya taɓa ƙasa. Haka kuma a ƙaramar waya layukan kan haɗe, rabin daɗin ya tafi.

Duk da haka aiki ne mai kyau ƙwarai. Malaman lissafinmu na Ajingi da Gaya, don Allah ku nemi allo da ƙusa da zare ku nuna wa yara.