Kiwon Kunkuru a Kwamfuta: Mun Zauna Mun Gani

Iyaye biyu zuwa uku sun tare mu bayan sallar Isha'i suna ƙorafi a kan wani wasan kwamfuta da ya ɗauke hankalin samarin unguwa, wai har suna musu a kan kiwon kunkuru. Muka ce ba za mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba. Don haka dare uku muna rufe shago mu zauna kusa da yaron wajenmu yana bugawa, muna kallo muna tambaya.

Sunan wasan RimWorld. Wani ɗan Kanada, Tynan Sylvester, ne ya ƙirƙiro shi, ya fito cikakke a 2018. Mutum uku ne jirginsu ya tarwatse suka faɗo wata duniya, kai kuma za ka sa su gina ɗaki, su yi noma, su yi kiwo, su kare kansu daga mahara. Wato baƙi a ƙasar da ba tasu ba. Wannan kam ba sai an yi wa mutanen Sabo bayani ba.

To ina kunkuru ya shigo? Masu wasan sun lura cin sa kaɗan ne, ga shi yana zuba ƙwai. In ka horar da mace da namiji, ka tsare ƙwan daga sanyi da zafi har ya ƙyanƙyashe, sai garke ya yi ta cika. Tun gyaran da aka yi wa wasan a 2021 akwai wurin da za ka rubuta adadin dabbar da kake so, duk wadda ta haura a yanka ta ba sai an tambaye ka ba. Dabarar samarin ke nan: a bar iyaye, a yi ta yanka 'ya'yan tun suna ƙanana, nama ya fi abincin da aka kashe.

Gaskiya a faɗe ta, lissafin ya burge mu. Yaron da ko ciko ba ya iya ba mai saye daidai, sai ga shi yana auna ciyawa da nama, yana tanadin rani tun damina, yana gane cewa dabbar da ta ci fiye da abin da za ta bayar asara ce ko da ta yi kyau a ido. Dillalan kara sun shekara suna koya wa yaransu wannan da baki, ga shi wasa ya cusa shi cikin mako guda.

Amma wasan ya yi wa kunkuru ƙarya, kuma a nan muka tsaya. Shekarar wasan kwana 60 ce kacal. Kunkurun gaske, irin babban nan na Sahel da wasunmu suka taso suka tarar a tsakar gidan kakanni, sai ya haura shekara goma kafin ya fara haihuwa. Yanzu ma yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a daji, kuma yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Mun faɗi haka ne saboda a dare na biyu wani saurayi ya tambaye mu, ba da wasa ba, ko ya zuba kuɗin adashensa a wannan kiwo. Muka ce masa: ɗana, wa zai saya? A wasan fatake na zuwa har ƙofa da azurfa a hannu, ba taya, ba bashi, ba "dawo gobe". A kasuwar nan kuwa, in ka cire masu magungunan gargajiya, wa ka taɓa gani yana cinikin kunkuru?

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yankan nan na kai-tsaye. Mu da aka koya wa wasa wuƙa, a shayar da dabba, kada a yanka wata a gaban wata, sai muka ga rai ya koma lamba a cikin akwati. Mun sani zane ne, ba jini ba ne, ba kuma mu ce yaron ya yi zunubi ba. Sai dai da muka tambaye shi kunkuru nawa ya yanka a daren, bai sani ba. Adadin naman kuwa ya faɗe shi tiryan-tiryan.

Sannan iyaye su sani, kunkuru ne mafi sauƙin abin da ke ciki. Wasan ya ba da damar kama fursuna a sayar, a cire masa ƙoda, har da cin naman mutum. Ba dole ne mai wasa ya yi ba, amma ƙofar a buɗe take. Yaron firamare dai ba mu ga dalilin barin sa a kai ba. Saurayin da ya mallaki hankalinsa kuwa, a ganinmu a bar shi, da sharaɗin a riƙa leƙawa, kuma kiran salla ya fi ƙarfin mahara. Namu yaron mun ba shi littafin bashin shago ya riƙe, mu ga ko lissafin zai biyo shi waje. Mako biyu ke nan, kuskure ɗaya muka kama.