Frostbite: Littafin da ya leƙa bayan ƙofar ɗakin sanyi

Nicola Twilley, marubuciya a mujallar New Yorker kuma ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin Gastropod, ta fitar da littafinta Frostbite a 2024. Batunsa shi ne yadda sanyin inji ya sauya abincin mutane, musamman a Amurka, inda kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake ci sai ya bi ta sanyi kafin ya kai baki.

Abin da ya sa na yaba mata shi ne ba ta tsaya a firijin gida ba. Ta shiga aiki a wani katafaren rumbun sanyi a Kalifoniya, ta ji a jikinta abin da leburori ke sha. Sannan ta zauna da injiniya Kipp Bradford suka haɗa firiji da hannunsu, kuma a nan ne littafin ya fi daɗi. Inji ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa ya kai wani wuri. A cikin bututu akwai ruwan sinadari mai saurin tafasa. Amoniya, wadda manyan masana'antu suka fi dogara da ita, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili. Yayin da take komawa tururi sai ta zuƙe zafin ɗakin. Kwamfuresa ta matse tururin har ya ɗau zafi, fanka ko ruwa ya huce shi a waje, ya sake zama ruwa, ya ratsa wata 'yar ƙaramar kafa inda matsin ke faɗuwa, ya koma ciki a sanyaye. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san asalin dabarar: abin da ke tsanewa yana tafiya da zafi.

A nan nake da ƙorafi. Na so ta ƙara zama a kan manyan injinan da ke sanyaya ruwa, famfo ya zagaya da shi masana'anta ko asibiti, da hasumiyoyin da ke fitar da zafin a saman gini. Hankalinta na kan abinci, don haka mai neman ilimin gyaran inji ba zai ƙoshi ba.

Tarihi kuwa ta iya ba da shi. Ga Frederic Tudor na Boston da ya yi jigilar ƙanƙarar tafki zuwa Martinik a 1806 ana yi masa dariya, daga baya har Kalkata ya kai ta. Ga Gustavus Swift da taragun jirgin ƙasa masu sanyi, waɗanda suka sa aka rage kai shanu da rai zuwa birane, aka koma aika nama daga Shikago. Ga ɗakunan da ake nunar da ayaba da iskar etilin, a ranar da ɗan kasuwa ya ga dama.

Ba ta ɓoye asarar ba: tumatir na rasa ɗanɗano a sanyi, injinan na shan wutar lantarki ba kaɗan ba, gas ɗin da ke yoyo daga wasunsu kuma na ɗumama duniya, dalilin da ya sa aka cimma yarjejeniyar Kigali a 2016. Ta je Ruwanda ta ga yunƙurin kafa rumbunan sanyi, tana tambaya ko dole ne Afirka ta bi sawun Amurka sak. Manomin Kadawa da kwandunan tumatirinsa ke ruɓewa a kan hanyar Legas zai ce a ba shi sanyin tukuna, a yi muhawarar daga baya, kuma ban ga laifinsa ba. Ɓangaren nan na Ruwanda ya yi mini gajarta, alhali nan ne rikicin yake.