Gwanayen da Suka Sa Sanyi Aiki

Ni da giya ko hanya ba ta haɗa mu ba, amma yabon gwani ya zama dole. Masu dafa ta a Bavariya, can kudancin Jamus, sun daɗe suna burge ni da abu guda: sanyin da ke kora kowa ɗaki, shi suka kama suka mayar ɗan aikinsu.

Doka ce ta tilasta musu. A 1553 Albrecht na Biyar, mai mulkin Bavariya, ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, domin ta lokacin zafi saurin tsami gare ta, ga kuma tsoron gobara. Sana'ar ta koma ta hunturu ke nan. Farkon aikin ba baƙo ba ne ga duk matar da ta taɓa sa tsiro a kunun zaƙi: a jiƙa sha'ir ya fara tsira, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan zafi har garin ya saki zaƙinsa. Daga nan ne hanya ta rabu. Yistin da suke amfani da shi mai son sanyi ne, yana aiki a wajen digiri 7 zuwa 13, a hankali, in ya gama ya kwanta a gindin ganga. Sai a ajiye gangar makonni, wani lokaci watanni, dab da daskarewa. Sunan "lager" ma daga kalmar ajiya ta Jamusanci ya fito.

To, ina za a samu sanyi in hunturu ya wuce? Sai a tara shi kamar hatsi. Tafki na daskarewa, ma'aikata za su hau kansa da dogayen zartuna, su yanka ƙanƙara falle-falle, su jawo da ƙugiya, dawakai su kai ta ɗakunan da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, irin na gaɓar kogin Isar a birnin Munik. Wanda ba shi da tafki kuwa sai ya kafa dogon rumfar katako, ya riƙa fesa mata ruwa cikin dare. Bayan 'yan kwanaki ƙanƙara ta rataye tsilli-tsilli, a karkaɗe ta da guduma. A saman ɗakunan ƙarƙashin ƙasar suka zuba tsakuwa, suka dasa itatuwa masu faɗin ganye waɗanda saiwarsu ba ta nutsawa, don inuwa ta tare rana ba tare da an huda rufin ba.

Inda gwanintar ta kai maƙura shi ne giyar Eisbock, wadda ake dangantawa da garin Kulmbach. Ana ba da labarin wani yaron gida da ya manta gangar giya a waje cikin dusar ƙanƙara ta daskare, maigidansa ya ce ya shanye abin da ya rage a matsayin horo, ashe horon lada ne. Ko labarin ƙanzon kurege ne, hikimar gaskiya ce. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili, barasa kuwa sai an kai wajen 114 ƙasa da sifili. Idan aka daskarar da giya mai ƙarfi, ruwan ne ke fara kamewa a jikin ganga, ainihin ya taru a tsakiya, baƙi-baƙi, mai kauri kamar maɗi. Gwani ya san ranar tsiyayewa. Ya yi gaggawa, ta fito salam. Ya yi jinkiri, ƙanƙara ta riƙe masa rabin dukiya, sauran ya yi zafin maƙogwaro. Masu sha ba sa kwankwaɗa. Ƙaramin kofi ake zubawa, a riƙe a tafin hannu ta ɗan ɗumama, sannan ƙamshin zabibi da gasasshen burodi ya tashi, dusar ƙanƙara na zuba a bayan taga.

Masu yankan ƙanƙara dai inji ne ya raba su da abincinsu. A shekarun 1870 injiniya Carl von Linde ya haɗa injin sanyaya na farko da ya ƙera a kamfanin giya na Spaten da ke Munik, daga baya ya koma amfani da ammoniya, a 1879 ya kafa kamfaninsa. Firjin da ke daskarar mana da zoɓo a watan azumi jikan wannan injin ne.