Zambon da Ba Shi da Uba

A majalisun matasa na Kwandiko, da shagunan cajin waya na Gwaram da Birnin Kudu, rabin hira yanzu da hoto ake yin ta. Wani zai turo fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro ya zare ido, ko Bosho ya ɗora hannu a ka, a ƙasa an rubuta 'yan kalmomi kan tsadar taki ko alkawarin ɗan siyasa. Har wanda bai yi boko ba yana ganewa, domin fuskar ta riga ta faɗi maganar. Mara data ma ba a barin sa a baya, ta Xender ake tura masa.

Abin ba baƙo ba ne wurin Bahaushe. Jikan habaici ne da zambo, inda ake sakin magana mai zafi cikin raha, mai ita ya tsargu. Ina ganin amfaninsa ƙwarai, don talaka ya samu bakin taɓa mai mulki. Sai dai zambo yana da mai shi. An san maroƙin, an san ubangidansa, in ya wuce gona da iri hakimi zai aika a kira shi. Hoton waya kuwa ba a san wanda ya haɗa shi ba. Wanda ya turo kawai aka sani, shi kuma yayanka ne ko abokin karatunka, sai amanar da ke tsakaninku ta rufe ƙaryar.

Dubi batun Jubril na Sudan, wanda aka ce an ɗauko shi ya maye gurbin shugaban ƙasa. Bayan doguwar jinyar Shugaba Muhammadu Buhari a Landan a 2017, aka riƙa jera tsohon hotonsa da sabo, ana zagaye kunne da jan layi, ana juya hoto don ya zama kamar da hagu yake rubutu. Da yawa don dariya suka tura, amma maimaitawa ta mayar da wasa labari. A Disambar 2018 sai da shugaban ƙasa da kansa ya tsaya a Polan yana tabbatar wa mutane cewa shi ne.

Na Filato ya fi muni. A rikicin Gashish na Yunin 2018 an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, kuma binciken BBC ya gano cewa bidiyon wani mutum da aka sassara masa kai daga Kongo-Barazabil ya fito, tun 2012. Washegarin yaɗa hotunan aka tare hanya a Jos, aka fito da matafiya daga motoci aka kashe su.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na garuruwanmu, nauyin nan a wuyanku yake. Duk hoton da ya ambaci ƙabila, addini, magani ko sunan mutum, ku tambayi wanda ya turo a ina aka ɗauka, kuma yaushe. In ya kasa amsawa, ku goge shi kafin ya tsallaka zauren gaba.